Rago Ɗaya, Dawaki Uku

Wani mutum ne ana ce masa Barmo, mai wankin hula a bakin filin sukuwa na garinsu. Hula kam ya iya ta. In ya wanke ta, ya ba ta sitaci, ya ɗora ta a katako ta sha rana, sai ka rantse yau ta fito daga hannun maɗinki. Amma ba da hula aka san shi ba. Da doki aka san shi, dokin da bai taɓa mallaka ba, bai taɓa hawa ba, bai ma yarda ya bi ta bayansa ba.

Bakin ne dai Allah ya ba shi.

"Ni fa," in ji shi, yana ta dirzar hula, "in doki ya yi tari a Maraɗi, daga nan inda nake zaune zan gaya maka ko uwarsa ta taɓa cin sukuwa."

In an tambaye shi wane doki zai ci yau, ba ya kama suna. Sai ya ɗaga haɓa ya yi nuni da ita, nunin da ya kwashe rabin filin har da mai sayar da rake, ya ce, "Ku dai sa ido a kan wancan." In an gama gudu, ko wane ne ya zo na ɗaya, sai ka ji Barmo ya doki cinya.

"Me na ce muku? Me na ce?"

Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, kuma akwai masu yarda. Maza dai kun san su, in mutum ya iya ɗaga murya a kan doki ko a kan ƙwallo, sai su ba shi kujera.

To, ana nan sai matarsa Tasalla ta haihu, namiji. Suna ya faɗo ranar Lahadi, babbar sukuwar shekara kuma ranar Asabar. Barmo ya tattara abin da ya tara na wankin hula, ya sayo rago balami, fari fat, mai ƙaho kamar an nannaɗe shi da hannu. Bai ɗaure shi a cikin gida ba. A ƙofar gida ya kafa masa turke, inda duk mai wucewa zai gani. Surukarsa Hajiya Tabawa, wadda ta zo daga ƙauye don kula da mai jego, ta leƙo ta zaure, ta dubi ragon sama da ƙasa, ta ce, "Ba laifi." Mace ce da in ta ba ka aron allura, ranar da ka mayar sai ta ɗaga ta a rana ta duba ko ramin ya ƙara faɗi. "Ba laifi" a bakinta ya fi kirari a bakin wani.

Ranar Juma'a da hantsi, Gagare mahauci ya kawo hularsa wanki. Ya tsuguna kusa da Barmo, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya.

"Barmo, na gaji da haɓar nan taka. Gobe ka kama sunan doki ɗaya tak, ni na ɗauki duk sauran. In naka ya ci, rago uku. In bai ci ba, farin nan na ƙofar gidanka nawa ne."

"Ragon sunan?"

"Au, tsoro kake ji? Kai da kake jin tarin doki daga Maraɗi?"

"Tsoro? Ni? Tausayinka dai nake ji. Ka dawo gobe da safe."

"Amma kada kowa ya ji. Ni ke yi wa liman fiɗa."

Su a wurin nan ba sa kiranta caca. "Tafawa" suke cewa, wai don hannu kawai ake tafawa, ba rubutu, ba shaida. Caca ce dai, ko da wane suna suka yi mata wanka. Kuma da yake kowa na jin kunyar a san yana yi, kowa da ɓoyonsa, amma wanda ya tafa ya ƙi biya, ya gama zama a bakin filin nan har abada.

Gagare bai daɗe da tafiya ba sai ga Alhaji Nababa mai kanti, da carbi a hannu. Shi ma ya waiga hagu da dama.

"Malam Barmo, ba caca ba ce, ka gane, gwajin basira ne. Ina da maraƙi a gona. Ka kama doki ɗaya. Maraƙina da ragonka."

"Gobe da safe, Alhaji."

"Tsakaninmu. Ka san ni ke riƙe da makullin masallaci."

Bayan an sauko daga masallaci kuma sai Ilu makanike, da baƙin mai har gwiwar hannu. Shi babur ya sa. Tsohon babur ne, sai an tura yake tashi, amma babur ne. Shi ma ya ce kada a gaya wa kowa, don matarsa na zaton babur ɗin na wani ne da ya kawo gyara.

Da la'asar Barmo ya zauna a gaban ragon da kwanon dusa, ya tasa shi gaba da shawara.

Dawaki uku ne a bakin kowa a bana. Akwai Hadari, baƙin akawal, mai tashi kamar an harbo shi. Akwai Tantabara, farar kili, doguwa, ba ta san gajiya ba. Akwai Ba Sulhu, wanda aka kawo daga Chadi, an ce ko a mota sai da aka rufe masa ido. Sauran duk cikon fili ne. Ko makaho ya san a cikin ukun nan za a sami na ɗaya. Wanne ne, shi ne Barmo bai sani ba, kuma bai taɓa sani ba tunda uwarsa ta haife shi.

"In na ce Hadari," ya ce wa ragon, "Tantabara ta cinye ni. In na ce Tantabara, ɗan Chadin nan ya cinye ni. In na ce ba na yi, Gagare ya cinye ni da baki a mahauta."

Rago ya ci gaba da cin dusa.

Can sai Barmo ya zabura. Ya ajiye kwanon. Ya ɗaga yatsu uku ya zuba musu ido kamar yau ya fara ganinsu.

"Kai! Wa ya ce sai na zaɓa? Gagare, Hadari. Alhaji, Tantabara. Ilu, Ba Sulhu. Ai doki ɗaya ne zai ci, kuma ko wanne ne nawa ne. In Hadari ya ci, rago uku sun shigo, in sallami mutum biyu, a yi suna da rago biyu. In Tantabara ce, maraƙi ya biya su har da canji. In Ba Sulhu ne, in je sunan ɗana a kan babur, daga baya in sayar in sallame su." Ya shafa wuyan ragon. "Kai kuwa ko gezau. Kana nan a turkenka."

Rago ya ce, "Meee."

"Ai na sani," in ji Barmo.

Gaskiya, lissafin bai da laifi. Da ya tsaya nan, da yau wani labarin ake bayarwa.

Asabar da safe ya tafa da Gagare a bayan mahauta, ya tafa da Alhaji a ƙuryar kanti tsakanin buhunan sukari, ya tafa da Ilu a ƙarƙashin wata mota. Rago ɗaya, hannu uku. Ya saka babbar riga, ya karkata hula, ya nufi fili.

A hanya ne wani tunani ya zo masa. Cin rago daban, cin suna daban. In doki ya ci, mai doki za a yaba, da mahayi. Shi fa? Ai kamata ya yi a ce da dabararsa aka ci.

Sai ya zarce rumfar su Hadari. Aka ba shi fura, ya sha. Ya ja mahayin gefe, wani siririn mutum mai tabo a goshi, ya sa baki a kunnensa.

"Daga rumfar su Tantabara nake. Da kunnena na ji. Su da ɗan Chadi za su fita da wuta tun daga tuta. Kai kada ka biye musu. Ja linzami. Ka liƙe musu, kada ka wuce su ko da tsawon hanci. Su ƙone junansu. Sai a kwanar ƙarshe ka sake shi."

"Ka tabbata, Malam Barmo?"

"Ni kake tambaya? In ka ci, ka dai faɗi wanda ya gaya maka."

Daga nan ya wuce rumfar su Tantabara. Aka ba shi dambu, ya ci. Ya ja mahayinta gefe. Magana ɗaya, ko wasali bai canza ba, sai sunayen dawaki. A rumfar su Ba Sulhu shayi aka ba shi. Mahayin ba ya jin Hausa sosai, don haka Barmo ya yi masa da hannu: ya ja linzamin iska har ƙirji, ya lanƙwasa hannu alamar kwana, sannan ya watsa yatsu, fyuu! Mutumin ya gyaɗa kai. Kowane mahayi ya ga Barmo yana fitowa daga rumfar abokan hamayya yana share baki, to me zai hana ya yarda?

La'asar ta yi. Fili ya cika ba masaka tsinke. Barmo ya hau kan benci ya harɗe hannu. Aka jera dawaki. Mai tuta ya ɗaga, ya sauke.

Dididididi!

Cikon fili suka fita a guje. Manyan uku kuma suka fito a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowane mahayi ya ja linzami har wuyan dokinsa ya lanƙwashe, yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Na Hadari yana jiran na Tantabara ya fita. Na Tantabara yana jiran ɗan Chadi. Ɗan Chadi yana jiran su duka biyun. Tafiya suke yi a natse, kamar masu raka gawa.

"Sake shi!" in ji jama'a. "Kai, sake shi mana! Barci kuke yi?"

"Ku yi shiru," in ji Barmo daga kan benci. "Dabara ce. Ba a yi ta don ƙananan ƙwaƙwalwa ba."

A cikin cikon filin nan akwai wani jan doki mai faɗin ciki, na wani manomi daga ƙauyen gefen gari, ana ce masa Mu Je Zuwa. Da shi mai shi yake zuwa cin kasuwa, kuma shi da kansa ya hau abinsa, don ba shi da abin biyan mahayi. Ba wanda ya ba shi fura, ba wanda ya ba shi shawara. Abin da ya sani kawai, an sauke tuta a yi gudu. Dokin ma abin da ya sani ke nan. Ƙwaf, ƙwaf, ƙwaf, ya wuce wannan, ya wuce wancan, ya yi gaba abinsa.

Aka zo kwanar ƙarshe. Mahaya uku suka saki linzami a lokaci ɗaya, suka nufi gefe ɗaya, hanya ɗaya.

Gwaf!

Gwiwa ta daki gwiwa. Hadari ya ciji Tantabara. Tantabara ta kai wa Ba Sulhu harbi. Zagi ya tashi da harshe biyu. Kafin su warware, Mu Je Zuwa ya tsallake layi, kuma bai tsaya ba, ya miƙe ya fita ta ƙofar fili ya kama hanyar gida. Sai da aka bi shi da babur aka gaya wa mai shi ya ci.

Wani na kusa da benci ya ɗaga kai. "Malam Barmo, ba ka ce 'me na ce' ba."

Ba kowa a kan bencin.

Kafin magariba labarin shawara ya gama gari, don masu dawaki sun tutsiye mahayansu, kowanne kuma ya faɗi wanda ya gaya masa, kamar yadda aka roƙe shi. Labarin rago ne bai fita ba tukuna.

Barmo yana tsugune a gaban turke sai ga Gagare ta gabas. Kafin ya gama sallama, ga Alhaji Nababa ta yamma. Ga Ilu yana turo babur.

Aka gaisa. Aka yi barka da haihuwa. Kowa yana jiran sauran su tafi.

"Alhaji, in kana da uzuri ka fara," in ji Gagare.

"A'a, ni wucewa nake yi. Na tsaya in duba dabbar nan ne."

"Duba ta da kyau," in ji Ilu, "don yanzu zan tafi da ita."

Gagare ya juyo. "Ka tafi da wa?"

"Da ragona."

"Ragonka? Da ni ya tafa a kan Hadari, a bayan mahauta!"

"Ni kuma a kan Ba Sulhu, a ƙarƙashin mota!"

Alhaji ya ja carbi ɗaya, biyu. "Tantabara," ya ce a hankali. "A cikin sukari."

Su uku suka juya suka dubi Barmo. Rago ma ya daina tuƙa ya dube shi.

"Ku rufa mini asiri," in ji Barmo, murya kamar ta sauro. "Surukata na ciki. Gobe suna. In aka wayi gari ba rago a turken nan, wallahi gara in bi Mu Je Zuwa ƙauye."

Gagare ya ja sauran biyun gefe. Suka haɗa kai, suka yi ƙus-ƙus. Kafaɗar Ilu ta fara rawa. Alhaji ya rufe baki da hannun riga, wai tari. Suka dawo fuska a ɗaure.

"Jariri bai yi mana laifi ba," in ji Gagare. "Ni na ba shi ragona."

"Ni ma na ba shi nawa," in ji Ilu.

"Sadaka ce," in ji Alhaji. "Sai dai alheri ba a ɓoye shi. Gobe maroƙi ya faɗa a gaban jama'a, kowa da sunansa."

Barmo ya kama hannuwansu ɗaya bayan ɗaya har da ƙwalla. Suna juya baya ya share ido, ya gyara hula. Kafin a kira isha ya riga ya gaya wa mai shayi cewa manyan gari uku sun zo har gida suna rige-rigen yi masa hidima.

Lahadi da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aka raba goro. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Hashimu, aka yanka rago, Gagare ya rataye shi ya fara fiɗa. Barmo, cikin sabuwar shadda, ya kira maroƙi ya cusa masa ɗan abu a hannu.

"Ka ɗaga murya. Har cikin gida nake so a ji."

Maroƙi kuwa ya toshe kunne ɗaya ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a ku saurara! Gagare na mahauta ya ba Hashimu rago! Alhaji Nababa mai kanti ya ba Hashimu rago! Ilu sarkin makanikai ya ba Hashimu rago! Barmo ɗan gata, Barmo na mutane!"

Guɗa ta tashi a cikin gida, ayyururui! Barmo ya sunkuyar da kai irin na mai kunya, yana leƙen jama'a ta ƙarƙashin hula.

Guɗar ba ta gama sauka ba sai aka ji takun takalmi a zaure. Hajiya Tabawa ce, ta yafa mayafi. Surukai ba sa fitowa cikin maza ranar suna. Ita ta fito. Ta gaida liman. Ta dubi ragon da ke rataye. Ta dubi turke. Ta leƙa bayan katanga. Ta dawo.

"Malam Barmo."

Ya zube ƙasa. "Na'am, Hajiya."

"Na ji uku."

"E, to, wato..."

"Da wanda ka saya, huɗu. Wannan na rataye na san shi, ni na ba shi ƙasari jiya. Ina ukun yaro?"

Barmo ya buɗe baki. Ya dubi liman, liman yana kallonsa. Ya rufe bakin. Ya dubi Alhaji Nababa, Alhaji ya dulmuya cikin carbi. Ya dubi Ilu, Ilu yana nazarin tayar babur.

Hajiya ta juya wajen mahauci. "Kai, ɗan nan. Ka bayar ko ba ka bayar ba?"

Gagare bai ko ɗago daga fiɗarsa ba. "Na bayar, Hajiya. Jiya da magariba, a hannunsa. Ga Alhaji nan, a gabansa aka yi."

"Haka ne," in ji Alhaji. "Ni ma a gabansu."

"Har kuka ya yi," in ji Ilu.

Liman ya gyara zama. "Malam Barmo, dukiyar jariri amana ce fa."

Hajiya ta juya. Ta koma ciki. Aka ji tana kwance wani abu a tsakar gida. Ta fito da igiyar shanya, ta miƙa wa Gagare, ya yanka mata ita gida uku da wuƙar fiɗa. Ta ƙulla wa kowace zarge, ta ɗora su a hannun Barmo.

"Duk inda ka kai su kiwo, je ka dawo da su. Ba mai taɓa naman nan sai na ga wuya a cikin kowace igiya."

Barmo ya miƙe. Ya bi ta tsakiyar tabarmi cikin sabuwar shaddarsa, igiya uku na reto a hannunsa, mutane na janye ƙafa suna ba shi hanya. Maroƙi kuwa, da yake an riga an biya shi ya ɗaga murya, sai ya bi bayansa.

"A buɗe hanya! A buɗe hanya! Uban jariri zai je kiwo!"